SHARHI: Masu sauraron da ba a ƙirgawa: yadda taswirar 'yan talla ta tsallake arewacin Zamfara

A watan Oktoban 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai a Zamfara, ciki har da Pride FM ta Rediyon Najeriya da tashar NTA, bisa zargin sun ɗauki taron jam'iyyar PDP a lokacin da aka hana tarukan siyasa. Hukumar NBC ta ce jiha ba ta da hurumin yin haka, kuma ba a daɗe ba aka janye umarnin. Sai dai akwai abin da ƙurar rikicin ta rufe: tashoshin da aka lissafa duk a Gusau suke. Mutumin Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi yana jin labarin jiharsa ne daga gari guda, in ma muryar ta iso shi.

Dalilin haka yana cikin yadda ake shata abin da masu harkar ke kira kasuwar rediyo, wato yankin da ake ƙirga masu sauraro a cikinsa domin yanke farashin talla. A Amurka, kamfanin Nielsen, wanda ya sayi Arbitron a 2013, shi ke haɗa gundumomi ya ce ga iyakar kasuwa kaza. Yawan jama'ar da ke ciki shi ke nuna matsayin kasuwar da kuɗin da tasha za ta nema. Wanda gidansa ya faɗa bayan layin, ko ya kwana da rediyo a kunne, ba ya ƙara wa tashar ko sisi.

A Najeriya layuka uku ne ke yin wannan aiki, kuma babu wanda ya yi wa arewacin Zamfara adalci.

Na farko layin zango. FM ba ta tafiya da nisa. Tsawon hasumiya da ƙarfin na'ura ne ke iyakance ta, su kuma suna cin man dizal. Ƙaura na da tazarar kimanin kilomita 50 daga Gusau, Shinkafi kuwa kimanin 100. Duk ranar da tasha ta rage ƙarfi domin tattalin mai, garuruwan nesa ne ke fara rasa ta.

Na biyu layin lasisi. Tun da dokar 1992 ta kafa NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, ana ba da lasisi ne da sunan wuri, ana kuma sabunta shi duk shekara biyar. Wanda ya zuba miliyoyin naira zai kafa hasumiyarsa ne inda ma'aikatu da bankuna suke, wato babban birnin jiha.

Na uku layin ƙirga. Manyan kamfanonin sadarwa da na kayan masarufi suna sayen lokaci ne ta hannun dillalan talla da ke Legas, su kuma suna dogara da binciken masu sauraro da ya fi karkata ga manyan birane. Wasu kamfanoni, irin su GeoPoll, ta saƙon waya suke tambayar mutane abin da suka saurara. A tuna da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga. A makonnin nan rediyo ce kusan kaɗai ta rage wa jama'a, amma a daidai lokacin ne babu mai binciken da zai iya samun su ta waya.

Alhali kasuwa ta gaskiya tana nan. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana tara fatake daga Sakkwato, Katsina da Jamhuriyar Nijar. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Zurmi ta yi iyaka da Katsina da Nijar. Mutanen nan suna sayen taki, sabulu, katin waya da babura. Abin da babu shi ne takardar da za ta tabbatar wa ɗan talla cewa suna saurare.

Idan tallan kamfanoni bai zo ba, wa ke biyan albashi da kuɗin mai? Gwamnati, 'yan siyasa masu sayen fili, masu maganin gargajiya da masu sanarwa. Halin ƙuncin ba ɓoyayye ba ne: a Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashin naira biliyan 2.6, kafin ta dakatar da matakin. Tashar da rayuwarta ke hannun gidan gwamnati za ta yi tunani sau biyu kafin ta tura wakili Zurmi ya tambayi dalilin da ya sa manoma ke biyan 'yan bindiga haraji. Ba sai an rufe ta ba. A jinkirta biyan bashin talla ya wadatar. Kafafen waje da ke cike giɓin su ma ba abin dogaro ba ne, domin Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit a Maris ɗin 2025 sakamakon umarnin Shugaba Donald Trump.

Gyara ba ya buƙatar mu'ujiza. Tun zamanin minista Lai Mohammed ake maganar samar da tsarin auna masu sauraro na ƙasa. Ya kamata hukumar ARCON mai kula da talla ta tabbatar ya shiga ƙananan hukumomi, da tambaya baki da baki inda waya ba ta aiki. NBC ta sauƙaƙa lasisin rediyon al'umma: Najeriya sai a 2015 ta amince da 17 na farko, alhali Nijar ta fara tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tana da fiye da 100. Gwamnatin Dauda Lawal, wanda taronsa ne ya jawo rufe tashoshi a 2022, ta wallafa abin da take biyan kowace tasha.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kuɗin tallan siyasa zai kwararo. A lokacin kowa zai tuna akwai masu sauraro a Shinkafi, domin suna da ƙuri'a. Matasan yankin su tambayi 'yan takara: wa zai ci gaba da ƙirga su bayan an gama ƙirga ƙuri'u?