Jirgin yaƙi ma isbir yake ci: me manyan ƙasashe ke nema a Bor Sudan?

Duk mai hawasha a Jazira ya san halin tarakta da babur ɗin ban ruwa. Ranar da isbir ɗaya ya karye aka rasa shi a kasuwar Madani, sai su zama ƙarfe a jibge. Da wannan ma'auni nake so mu auna manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi da ke kai da komowa a Bahar Maliya, domin maganar ta shafe mu.

Irin na Amurka, kamar Harry S. Truman da ya yaƙi 'yan Husi na Yaman a 2025, tsawonsa ya kai mita 333, nauyinsa kusan tan 100,000, yana ɗauke da mutum kusan 5,000 da jiragen sama sama da 60. Nukiliya ke tuƙa shi, yana shekara ashirin ba a sake masa makamashi ba. Amma filin da ke samansa gajere ne. Shi ya sa aka ƙera masa majajjawar tururi mai cilla jirgi sama, da igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu da ke cafke jirgin da ya sauko cikin daƙiƙa biyu. Igiyar nan ci take yi, bayan sauka ɗari da 'yan kai dole a canza ta.

To kun ga inda raunin yake. A watan Mayu 2025 na'urar cafkewa ta Truman ta gaza, jirgi samfurin F/A-18 na sama da dala miliyan 60 ya afka teku. Kafin nan, a Fabrairu, Truman ya yi karo da jirgin kaya kusa da Bor Sa'id, sai da ya tafi tsibirin Kirit na Girka aka gyara shi. Na Ingila, Prince of Wales, sandar farfelarsa ta samu matsala a 2022, yana kwance a wurin gyara aka riƙa cire kayansa ana sa wa ɗan'uwansa Queen Elizabeth. Ai mu ma mun san wannan: a kwance tarakta ɗaya don ɗaya ta tashi. Rasha kuwa guda ɗaya gare ta, Admiral Kuznetsov. Ya rasa jirage biyu a gaɓar Siriya a 2016, ya shiga gyara a 2017, shekara da shekaru bai koma teku ba.

Ke nan duk rundunar ruwan da ta yi nisa da gida, gareji take nema. Abin da Rasha ke so a Bor Sudan ke nan. Maganar ta taso da Umar al-Bashir ya je Sochi a 2017. Daftarin 2020 ya ce shekara 25, mutum 300, jirage huɗu a lokaci guda, har da masu tafiya da nukiliya, su sha mai, a gyara su, su huta. A Fabrairu 2025 ministan harkokin waje Ali Yusuf ya faɗa a Mosko cewa an fahimci juna.

Ni abin da ke damuna shi ne ƙofa ɗaya gare mu. Alkama, taki, gas, isbir ɗin injinan Sinnar da Damazin, duk ta Bor Sudan suke shigowa, alhazanmu na Mai Wurno kuma ta Sawakin suke haurawa Jidda. Mun ɗanɗana takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017, lokacin da rashin isbir ya tsayar da jiragen ƙasa da na Sudan Airways. Mun kuma ga yadda jirage marasa matuƙi suka ƙona rumbunan mai a Bor Sudan a Mayu 2025. In aka kafa garejin wata babbar ƙasa jikin tashar kaya, rigimarta da abokan gabarta za ta same mu: kuɗin inshorar jiragen kaya ya hau, farashin buhun taki ya bi shi har ƙauye.

Don haka, jama'a, kafin a ba Rasha ko waninta, abubuwa uku ya kamata mu nema. A bayyana yarjejeniyar kowa ya karanta. A kai ta gaban zaɓaɓɓiyar majalisa. A nisanta wurin daga tashar kaya da ta alhazai. Wakilanmu da shehunan ƙauyukanmu su fara tambaya tun yanzu, domin shekara 25 ba wasa ba ce, 'ya'yanmu ne za su gaje ta.