A Tsabtace Ƙasa Kafin a Ba da Magani

Ɗalibai, a shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a Jihar Zamfara. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jinin yaran, sai aka gano gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu.

Daga ina gubar ta fito? Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma. Mutane kan kawo su cikin gida, su daka a turmi ko su kai injin niƙa. Ƙurar takan sauka a tsakar gida, da kan abinci, da cikin ruwan sha. Yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya taɓa, baki yake kai shi. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ruɓewa. Takan zauna cikin ƙasa shekara da shekaru.

Saboda haka, a ganina, tsabtace ƙasa shi ne aikin farko. Idan aka yi wa yaro magani, aka mayar da shi gidan da ke da guba, an yi aikin banza. Ku dubi abin da ya faru a garin Bagega. Likitoci sun kasa fara magani a can saboda ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba. Sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Aka kankare saman ƙasa a gidaje, aka binne ta a bayan gari, aka zuba sabuwa. Yara sun yi kusan shekara uku suna jira.

Tsabtacewa kaɗai ba ta isa ba, sai an ci gaba da sa ido. A 2015 irin wannan masifa ta faɗa wa ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Da ana gwada ƙasa da ruwa da jinin yara a kai a kai, da an gano haɗarin da wuri.

Wasu suna cewa a hana haƙar zinariya baki ɗaya. Ban yarda ba. Talaka ba zai bar abin da yake ciyar da iyalinsa ba. Zai ɓoye aikin ne a cikin ɗaki, inda ya fi haɗari. Gara a ware wurin niƙa nesa da gari, a jiƙa dutse don rage ƙura, ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya koma gida. Masu cin ribar zinariya su ma su biya kuɗin gyara.

Kada ku ce Zamfara tana da nisa da Legas. Dalmar nan tana cikin tsohon batirin mota, irin wanda 'yan gwangwan suke saye a Agege, kuma akwai masana'antun narka shi a Ogijo, kusa da Ikorodu. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada ku bari a fasa batir inda yara suke wasa. Idan kun ga ana yi, ku sanar da iyayenku da mai unguwa.