Baƙin Dagona Na Shirin Komawa Gida

Ga Fabrairu ya kama, sanyin hunturu ya fara sassauci, amma hazo bai bar sararin Arewa ba tukuna. Yanzu ne ya kamata mai sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye ya nufi fadamun Hadeja da Nguru, musamman tafkin Dagona a Jihar Yobe, kafin baƙinmu su yi haramar tafiya.

Baƙin nan kuwa su ne agwagin ruwa da sauran tsuntsayen bakin gaɓa waɗanda sanyin Turai da Rasha yake korowa. Sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka nan wajen Oktoba, sa'an nan su juya a Maris ko Afrilu. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989.

Wanda ya je, to, ya yi sammako. Da hantsi ya ɗaga hazo yakan mai da kome toka-toka, hoto ya fito ba armashi. Ya ba rana baya, ya naɗe kyamara da ƙyalle, kada kuma ya kwance madubinta a fili, domin ƙura ba ta da tausayi.

Amma babban guzuri shi ne haƙuri. Na taɓa ganin wani saurayi yana jifan garken agwagi don su tashi ya sami hoton fiffike. Bai san a wannan lokaci suke tara kitsen da zai kai su ƙetaren hamada ba, tafiyar da ta wuce kilomita 1,500. Duk tashin banza ragin guzuri ne, wanda kuma guzurinsa ya ƙare a tsakiyar rairayi, shi ke nan.

Hoton da aka ɗauka da natsuwa kuwa shaida ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi duk suna ji a jikinsu. Hoton bana in an jera shi da na baɗi, zai nuna wa hukuma abin da baki ya kasa.

Saboda haka a je a ɗauka, amma a bar baƙo ya ci ya ƙoshi.