Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Hausa, Kwamfuta Da Aikin Faci

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba su ce ya naɗe hannu cikin ruwa yana jiran maƙwabci ya hau masa jinka ba. Shekara da shekaru ke nan mu 'yan bokon Arewa muna kokawa da yadda kwamfuta da wayar hannu ke wulaƙanta rubutun Hausa, inda ƙasa kan koma kasa, baƙi ya koma baki, faɗa kuma ya koma fada. A kowane taron ƙara wa juna sani sai an yi wannan kuka, a tafa, a ci abinci, a watse. Ra'ayina a yau shi ne, kaso mai tsoka na wannan yoyo mu ne za mu iya toshe shi da hannunmu, kuma ƙofar yin hakan ta daɗe a buɗe, mu ne dai ba mu shiga ba.

Domin kada mai karatu ya ɗauka maganar ta malaman harshe ce kawai, bari mu leƙa yammacin Jihar Katsina, mu tsaya a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000, galibinsu manoma da makiyaya da ke warwatse a garuruwa irin su Ruma da Wagini da 'Yar Gamji da Runka da Zakka da Tsaskiya. Duk ma'aikacin lafiya ko jami'in ilimi ko mai rabon kayan agaji da ke aiki a wannan yanki, da jerin sunaye yake aiki, kuma a zamanin nan kwamfuta ce ke jera masa su.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin da duniya ta amince da shi, babban A lambarsa 65, Z kuma 90. Waƙafin sama da muke sa wa 'Yar Gamji lambarsa 39, shi kuwa babban Ɗ lambarsa 394. Saboda haka duk manhajar da aka rubuta da gaggawa, wadda ke jera sunaye bisa lamba tsagwaronta, za ta ɗaga 'Yar Gamji ta kai shi can sama kafin A, ta kuma jefa Ɗan Musa, maƙwabciyar Safana, can ƙasa bayan Zakka. Tsaskiya ma ba ta tsira ba, domin a abacadar Hausa ts harafi ne guda mai zaman kansa da ke zuwa bayan t, amma manhajar da ta san Ingilishi kawai za ta cusa shi cikin t. Mafi muni shi ne wajen nema. Idan wani ya shigar da suna da ɗ, wani ya zo ya neme shi da d, manhajar sai ta ce babu shi. Dabarar da masu manhaja suka saba da ita, ta cire alamar da ke kan wasalin Faransanci a bar wasalin tsura, ba ta aiki a kan ɓ da ɗ da ƙ, domin lanƙwasar tasu jikin harafin ce, ba a raba su.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ni kuwa na ce allura ce ke tono garma. Kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yanki a 'yan shekarun nan, inda ƙauyuka da dama suka tashi, mata da yara suka kwararo cikin garin Batsari da sauran manyan garuruwa. A irin wannan yanayi jerin sunaye shi ne hatsi, shi ne allurar rigakafi, shi ne gurbin yaro a makaranta. Idan aka rubuta sunan ƙauye ɗaya ta hanya uku, ya faɗa wuri uku a jerin, to ko dai a ƙirga shi sau uku a tauye wani, ko kuma mai nema ya duba inda ya saba bai gani ba, ya wuce. Matar da aka tsallake sunanta ba ruwanta da lamba 394, abin da ta sani shi ne ta koma hannu rabbana.

A nan ne maganar buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo. Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ya kulle asalin rubutunta, in ka ga aibi sai dai ka kai ƙara ka jira. Akwai kuma wadda aka baje asalin rubutun nata a fili, lasisinta ya ba kowa damar karantawa da gyarawa da rarrabawa. Richard Stallman ne ya kafa tubalin wannan tafiya a Amurka a 1983 da shirinsa na GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wanda a kansa aka gina Android da ke cikin wayoyin yawancinmu. Firefox da LibreOffice duk 'yan wannan gida ne. Haka DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagoranta kuma hukumomin lafiya na Nijeriya ke tattara bayanan asibitoci da ita, da ODK da aka yi amfani da ita wajen yaƙi da cutar shan inna. Ke nan kayan aikin da ma'aikatanmu ke riƙe da su a karkara, da yawansu muna da 'yancin gyara su duk inda muka ga sun yi wa harshenmu ba daidai ba.

Gyaran da mutum ke aikawa sunansa faci, kuma kalmar ita ce dai wadda mai gyaran taya a bakin tasha ya sani. Tun 1985 Larry Wall ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai wannan suna, wadda aikinta shi ne ɗaukar bambancin da ke tsakanin tsohon rubutu da sabo ta liƙa shi a inda ya dace. Matakan ba su da sarƙaƙiya kamar yadda ake tsoro. Da farko sai ka tabbatar da tangarɗar, ka iya maimaita ta: na shigar da waɗannan sunaye biyar, ga yadda suka fito, ga kuma yadda ya kamata su fito. Na biyu, ka duba ko wani ya riga ka kai rahoto, domin kada a yi ta maimaita magana ɗaya. Na uku, ka kwafo rubutun manhajar, ka gano layin da ke da laifi, ka gyara shi kaɗai ba tare da taɓa abin da ba a tambaye ka ba. Na huɗu, ka haɗa da ɗan gwaji wanda zai riƙa kama tangarɗar in ta sake dawowa gobe. Daga nan sai ka miƙa wa masu kula da manhajar tare da bayani gajere mai ɗauke da hujja.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi wa manyanmu wuya, wato haƙuri da bita. Masu kula da manhaja ba su san farfesa ba, ba su san darakta ba. Mai yiwuwa yaro ɗan shekara 22 a Indiya ko Jamus ya mayar maka da facinka ya ce ka sake, ko kuma a yi makonni ba wanda ya tanka maka, domin da yawansu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Wannan tsanani yana da dalili. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, kuma asalinta wani ƙari ne da aka karɓa fiye da shekara biyu kafin nan, wanda aka manta da auna tsawon saƙo a cikinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka in an ce maka ka sake, ka tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, rabin aikin an riga an yi shi. Ƙungiyar Unicode tana riƙe da wani rumbun bayanai na harsunan duniya mai suna CLDR, kuma a cikinsa akwai ƙa'idar jera haruffan Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t. Akwai kuma nau'o'in haruffa na kyauta, irin su Charis da Andika da Noto, masu ɗauke da lanƙwasassun haruffanmu manya da ƙanana. Sau da yawa laifin manhaja bai wuce rashin kiran wannan ƙa'ida ba, gyaran kuma bai wuce 'yan layuka ba. Abin da injiniyan da ke Turai ba zai taɓa sani ba shi ne akwai matsalar ma tun farko, domin bai taɓa jera Tsaskiya da Tudun Wada ba. Hujjar tana hannun malamin Hausa, dabarar tana hannun ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ga su a harabar jami'a ɗaya amma ba sa ko gaisawa.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Lokacin da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, da ɗigo a ƙarƙashin harafi aka bambanta waɗannan sautuka. A shekarun 1930 aka koma ga lanƙwasa, kuma da ita su Rupert East da Abubakar Imam suka yi aiki a Zariya, har Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Sai da aka ƙera sababbin haruffa na ƙarfe domin injin ɗab'i, aka kuma yi wa keken rubutu kwaskwarima. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ɗora daga nan. Su da ƙarfe suka yi fama suka tanƙwara shi ya bi harshe. Mu da ba mu buƙatar komai sai kwamfutar cinya da 'yar data, wane hanzari za mu kawo?

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce mutumin da bai kwana da ido biyu rufe ba, ina ruwansa da lanƙwasar ƙ? Za su tuna mana cewa a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba sadarwa. Gaskiya ne, tsaro shi ne gaba da komai, kuma ba manomin Wagini nake kira ya rubuta faci ba. Kirana ga ɗansa ne da ke karatu a Dutsin-Ma ko Katsina ko Kano, da mu da muke zaune a ofisoshi masu wuta da intanet. Sojan da ke daji yana nasa aikin, mu ma ga namu, kuma ɗaya bai hana ɗaya ba.

Na biyu za su ce wannan bauta ce ga manyan kamfanonin Turawa, mu yi aiki kyauta su kwashi riba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kamfanoni na cin moriyar buɗaɗɗiyar manhaja ƙwarai. Sai dai gyaran da aka karɓa ba ya zama mallakar kowa shi kaɗai. Yana isa ga malamin asibiti a Runka kamar yadda zai isa ga ɗan uwansa a Maraɗi ko Kumasi, ba tare da an biya ko kwabo ba. Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin zuwan Bature, sunansa gayya: yau a gonarka, gobe a tawa. Wanda ya ƙi fita gayya kuwa, ba shi da bakin cewa an yi masa noma a karkace.

Saboda haka ina da shawarwari uku. Ta farko ga jami'o'inmu, musamman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, wadda ke maƙwabtaka da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Bayero ta Kano: a haɗa ɗaliban Hausa da na kwamfuta a aikin kammala digiri, a ba kowane rukuni tangarɗa ɗaya ta gaske, a auna su da rahoton da suka kai da facin da suka miƙa. Wannan ya fi kundin da za a ɗaure a ajiye ƙura ta ci. Ta biyu ga kwamitocin ƙarin girma: facin da masana na duniya suka tantance suka karɓa, wanda dubban mutane za su amfana da shi, ya cancanci maki kamar maƙalar da aka buga a mujalla. Ta uku ga hukumomi irin su NITDA da gwamnatocin jihohinmu: duk manhajar da za a saya ko a ba da kwangilarta, a sa sharaɗin ta iya karɓa da jerawa da nemo sunayen Hausa daidai, ta kuma gane cewa 'y da muke rubutawa a Nijeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar sauti ɗaya ne.

Wanda bai iya rubuta manhaja ba ma yana da rabo a wannan lada. Likita ko lauya ko malamin makaranta da ya ga an ɓata sunan garinsu, ya ɗauki hoton abin da ya gani, ya rubuta yadda ya kamata ya kasance, ya aika wa masu manhajar. Kyakkyawan rahoto rabin gyara ne. Harshen da mutum miliyan da dama ke magana da shi daga Katsina zuwa Agadas bai kamata ya zauna yana jiran sadaka ba. Allah Ya kawo wa mutanen Batsari da Safana da sauran yankunanmu zaman lafiya mai ɗorewa, mu kuma Ya ba mu ikon sauke nauyin ilimin da Ya ɗora mana, amin.