Asirin Jama'a Amana Ce A Hannun Hukuma

A watan Disamba na shekarar 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta umarci kowane mai wayar hannu ya haɗa layinsa da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Daga 2021 kuma ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista, suka miƙa sunayensu da hotunansu da zanen yatsunsu.

To, wanda ya karɓi ajiya, wajibi ne ya tsare ta. A shekarar 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da irin waɗannan bayanai a kan Naira 100 kacal. Da su ɗan damfara zai iya cin bashi da sunan malamin makaranta, a zo a kama marar laifi.

Ba doka aka rasa ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare asirin ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar da ta kafa. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Lalle ne duk ma'aikacin da aka samu da hannu a wannan ciniki a gurfanar da shi gaban shari'a, a sanar da jama'a hukuncinsa. Ɗalibai kuma su daina bar wa masu shagon kwamfuta takardunsu. Mutum yana iya sake makullin gidansa, amma ba ya iya sake zanen yatsansa.