Ƙafar da ke hana barci: ɗaurewar tsoka da rashin natsuwar ƙafa a yankin Arlit

Larurori biyu ne ke tayar da mutum cikin dare saboda ƙafa, kuma jama'a kan haɗa su da suna ɗaya, wato ciwon ƙafa. Ta farko ita ce ɗaurewar tsoka: farat ɗaya sha-raɓa ta ƙulle, ta yi tauri kamar dutse, da zafi mai tsanani na daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Ta biyu ita ce rashin natsuwar ƙafa, wadda likitan Ingila Thomas Willis ya fara bayyanawa a 1672, sannan Karl-Axel Ekbom na Suwidin ya raɗa mata suna a 1945. Mai ita yakan ji kamar tururuwa na yawo cikin ɓargon ƙafarsa da zarar ya zauna ko ya kwanta, musamman daga magariba zuwa tsakar dare. Idan ya tashi ya taka sai abin ya lafa, ya koma shimfiɗa ya dawo. Tsokarsa kuwa laushinta ƙalau.

Mutum ɗaya na iya fama da duka biyun, shi ya sa likita ke fara tambaya: tsokar ta yi tauri ne, ko ƙafar ce ta ƙi zama wuri ɗaya?

A gundumar karkara ta Dannet da garuruwan yuraniyom na Arlit da Akokan, yanayin rayuwa na ba larurorin biyu ƙofa. Zafin bazara yakan haura digiri 40. Makiyayin da ya wuni yana jan guga a rijiya, da ma'aikacin ramin SOMAÏR, da matashin da ya tafi haƙar zinariya a Tchibarakaten bayan rufe ramin COMINAK a 2021, duk suna zubar da gumi mai yawa, ruwa da gishirin jiki na tafiya tare da shi. Gajiyar tsoka da wannan asara sukan jawo ɗaurewa cikin dare. Idan ta zo, ana miƙe ƙafa a janyo yatsu zuwa wajen gwiwa har tsokar ta saki. Isasshen ruwa da rana, da miƙe sha-raɓa kafin kwanciya, sukan taimaka.

Rashin natsuwar ƙafa kuwa daga ƙwaƙwalwa take tasowa. Tana da alaƙa da sinadarin dofamin mai daidaita motsi, shi kuma ba ya samuwa yadda ya kamata sai da sinadarin ƙarfe. Ana gadonta, tana yawan kama mai ciki a watanni ukun ƙarshe, da mai ciwon ƙoda. Ta fuskar ƙarfen ne batun ya fi shafar Nijar, inda binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna kusan rabin mata masu shekarun haihuwa na da ƙarancin jini. Abincin daji, madara da gero, ba ya ba jiki ƙarfe mai yawa. Ga kuma shayi, wanda a ƙasar Abzin ba a raba shi da zama: kofi uku bayan cin abinci. Shayi mai kauri yana rage yawan ƙarfen da hanji ke tsotsa daga abinci, sinadarin kafin da ke cikinsa kuma yana ƙara wa ƙafa rashin sukuni da dare. Ba wanda zai ce Ba'abzine ya bar butarsa, amma jinkirta shayi da awa ɗaya ko biyu bayan abinci, da rage na dare, abu ne mai yiwuwa.

Gwajin da ya dace shi ne na feritin, ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye, domin yana iya yin ƙasa ko da gwajin jini na yau da kullum ya fito lafiya. Idan ya gaza 75, likitoci kan rubuta ƙwayar ƙarfe. Inda abin ya tsananta akwai magunguna irin gabapentin, bisa kulawar likita.

Babban abin damuwa shi ne maganin tebur. Kinin, da aka sani na zazzaɓin cizon sauro, an daɗe ana shan sa don ɗaurewar tsoka, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 cewa yana iya jawo zubar jini da rikicewar bugun zuciya. Wasu magungunan mura masu sa barci da na hana amai suna ƙara rashin natsuwar ƙafa. Tramol kuwa yakan kwantar da ita na ɗan lokaci, jiki ya saba, ranar da aka rasa shi ƙafa ta tashi fiye da da.

Akwai alamun da ba sa jira: ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko ta mutu ba ta jin taɓi, ko sha-raɓa ta riƙa ciwo idan ana tafiya ta lafa idan an tsaya, musamman ga mai ciwon sukari ko mai shan taba. Waɗannan suna nuna toshewar hanyar jini ko lalacewar jijiya, kuma suna buƙatar asibiti a Arlit ko Agadez komai nisan hanya.