YARANMU SUN SAN DUBAI, BA SU SAN GIYAYYA BA

Na san da yawanku ci gaban labari kuke jira, to ku yi mini afuwa. Yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Babban ɗana, wanda ke aji biyar na sakandare, shi ya zo mini da zancen wani wasa da ya gani a waya, Turawa na kiransa jiyokashin. Wani ne zai ɓoye ɗan akwati a daji ko gefen ruwa, ya saka ƙaramin littafi da 'yan tarkace a ciki, sannan ya ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ya sanya a intanet. Kai kuma ka kwashi iyalinka ku bi lambobin har ku gano shi. In kun samu ku rubuta suna da kwanan wata, in kun ɗauki abu ku ajiye wani a madadinsa, ku mayar da akwatin yadda kuka same shi. Wasan bai tsufa ba. Kafin shekarar 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula wa farar hula siginar GPS, har na'ura kan yi kuskuren kusan mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, a ranar 3 ga wata kuwa wani mai suna Dave Ulmer ya binne baƙin bokiti a jihar Oregon don ya gwada ko wasu za su gano shi. Suka gano. Yanzu irin waɗannan akwatuna sun haura miliyan 3 a duniya.

Da farko tsaki na yi, na ce wasan masu ƙoshi. Amma da na ga yaron da ko aike sai an yi faɗa da shi yana cewa "Baba, da ma akwai irinsa a nan," sai na ce to, in waya ce ta ɗaure su a ɗaki, bari mu gani ko ita za ta kwance su.

Lokacin hutun sanyi muka je ƙauyen su mahaifiyata, tsakanin Tambuwal da Kebbe, inda fadama ke shan ruwan Gulbin Zamfara kafin ya gangara Jega. Ranar da muka sauka, da la'asar sakaliya na zare jiki da gwangwanayen madara uku, kowanne da alawa da biro da 'yar takarda. Na ɓoye su wuri uku, na rubuta lambobin, kowanne kuma na haɗa shi da 'yar manuniya kamar yadda masu wasan ke yi. Ina cikin tonon na uku sai na ji gyaran murya a bayana. Kawuna ne, tsohon masunci, ya ce, "Kai ɗan boko, mi kaka binnewa nan da almuru?" Ashe har magana ta kai masa cewa an ga baƙo yana binne asiri a bakin fadama, wani ma ya ce ya ga ina ɗaga waya ina ɗaukar wuri. A wannan zamani da kowa ke tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, wannan ba abin dariya ba ne. Da ba ɗan gida ba ne ni, da labarin ya sha bamban. Sai da muka je gaban mai gari na buɗe gwangwani aka ga alawa, sannan dariyar ta zo.

Washegari da hantsi muka fita: ni, uwargida, yara huɗu, Kawu da wani jikansa ɗan shekara tara. Wayar ta yi aikinta, domin GPS ba ya bukatar sabis, da taurarin ɗan adam yake magana kai tsaye. Ta kawo mu har kusa, kamar taku goma, daga nan kibiyar ta fara juyi kamar mai hajijiya. Haka abin yake, na'ura kan kawo ka unguwa ne, shiga gida sai da ido. Babban ya buɗe manuniyar ya karanta da ƙarfi: "A gindin giyayya."

Jama'a, shiru. Yara huɗu, jinin Tambuwal gaba da baya, suna tsaye suna kallon juna. Ta biyun ta ce, "Baba, giyayya tsuntsu ne?" Jikan Kawu, wanda ko takalmi babu a ƙafarsa, ya taka ya nufi itaciyar da ke tsaye a bakin ruwa, ya zaro gwangwani ya miƙo. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗiyanka ba su san giyayya ba? To mi aka koya masu ga boko?" Ban ba shi amsa ba, domin ba makaranta ce ta fara zuwa raina ba. Kaina na tuna.

Littafi tara na rubuta. Da muka dawo gida na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na kai jarumaina Abuja, na kai su Dubai da Landan, garuruwan da biyu daga ciki ban taɓa takawa ba. Na san sunan motar Alhaji, na san sunan turaren amarya, na lissafa kujerun falo har da launin labule. Amma duk inda masoya suka fita shan iska, abin da nake rubutawa shi ne "wani lambu mai furanni kala-kala, tsuntsaye na ta kuka." Waɗanne furanni? Waɗanne tsuntsaye? Ko ɗaya ban kira da sunansa ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, 'yan uwana marubuta kowa ya duba nasa. Mun shekara talatin da wani abu muna koya wa matasa cewa kyakkyawan wuri yana can wata ƙasa, ƙauye kuwa wurin da ake tura yarinya ne in za a hore ta. Marigayi Abubakar Imam ya fitar da Ruwan Bagaja a 1934, labarin neman ɓoyayyen abu ne shi ma, amma daga Kwantagora jaruminsa ya tashi, ba daga Landan ba.

Daga gwangwani na farko wayar ta koma aljihu, Kawu ya karɓi jagoranci. Ya nuna musu bado da kainuwa, ya bambanta musu zalɓe da belbela, ya sa suka yi shiru har suka ji fitar kirinjijiya. Ya gaya musu yadda gaiwa ke shiga taɓo ta kwanta duk rani har ruwa ya dawo. Auta ta ce ƙarya ne, sai da uwarta ta harare ta. Ya nuna wasu ƙananan tsuntsaye a bakin ruwa ya ce baƙi ne, da sanyi suke zuwa. Gaskiyarsa, akwai agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a fadamun ƙasarmu. Da na faɗa wa yaran haka, babban ya ce, "Kenan su suna baro Turai su zo nan?" Na ce ƙwarai, kuma babu biza.

Sai Kawu ya ambaci gauraka. Ya ce yana yaro garke-garke suke sauka a nan, yanzu ya manta rabon da ya ga ko ɗaya. Wannan tsuntsuwa mai kambi ita ake kira tsuntsuwar Nijeriya, amma ta kusa ƙarewa a ƙasar. Yarana ba su ji zafin maganar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai yi kukan rashin abin da bai taɓa sanin sunansa ba? Nan ne damuwata take. Gobe su ne kansiloli, su ne ma'aikatan gona, su ne za su sa hannu a sare itacen bakin gulbi ko a cike tafki a yanka filaye, kuma hannunsu ba zai yi rawa ba.

Wasu wurare sun riga mu farkawa. Tun 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran, kuma tafkin Nguru da ke dausayin Haɗeja-Nguru ya shiga jerin a 2000. A Legas akwai gandun Lekki mai hekta 78 da aka kafa a 1990, fadama ce ta bakin teku, iyalai na biyan kuɗi su shiga su taka gadar katako suna kallon birai. Maƙwabtanmu na Argungu tun 1934 suke bikin kamun kifi, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Mu ma muna da tafkin Romo a ƙasar Tambuwal, muna da fadamar Kuchi a Kebbe. Ni ba shinge da tikiti nake roƙo ba, fadama gonar mutane ce da wurin sunsu da mashayar dabbobinsu. Abin da nake cewa bai kai nan tsada ba: uba ya ɗauki 'ya'yansa, maza da mata, ya kai su wurin tsohon da ya san wurin tun tsohon yana da rai.

Na san za a ce tsaro. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa kowa ya shiga dazukan Kebbe da yara ba, mutanen yankin sun ga abin da suka gani. Mu ba mu yi nisan da za mu daina jin dakan matan gari ba, kuma kafin azahar mun dawo. Uwargida ta kafa sharaɗinta tun a gida: ba mai shiga ruwa saboda tsargiya, ba mai zura hannu a rami, kowa da takalmi rufaffe. Wani abokina kuma ya ce fita da 'yan mata daji ba tarbiyya ba ce. Na tambaye shi, yarinya tana gaban ubanta da uwarta da kakanta tana koyon sunan itace, da yarinya ita kaɗai a ɗaki da waya har ƙarfe ɗayan dare, wacce ce ba a san inda take ba? Ya ce ni dai marubuci ne, ba a cin mu da baki.

Gwangwani na uku ba mu same shi cikakke ba. Wani, ina zaton cikin yaran da ke kiwo, ya riga mu, ya kwashe alawar ya bar biro da takarda, ya kuma saka ƙwallon goriba guda biyu a ciki. Babu wanda ya karanta masa dokar wasan. Ta biyun ce ta karɓi takardar ta rubuta sunayen da ta koya ranar, guda goma sha ɗaya, giyayya a sama. Takardar tana kan teburina yanzu, domin babin da nake rubutawa na dawo da masoyan daga Dubai, a bakin gulbi za su yi sallama, kuma sai na leƙa rubutun 'yata kafin in san itacen da zan tsayar da su a gindinsa.

Sai mun haɗu a ci gaban labari mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.